Zauren Likita: Ciwon Mara, Jinkirin Haihuwa da Renon Bakwaini

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da na zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi haihuwa ne, kuma na lura cewa kusan kowane mai tambaya ya daɗe da damuwarsa a zuci kafin ya rubuto. Kamar kullum, na sakaya sunaye, na kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo. Amsar da ke nan ba za ta maye gurbin ganin likita ido da ido ba, amma ina fatan za ta sa mutum ya shiga ɗakin likita yana sane da abin da zai tambaya.

TAMBAYA: Likita, Allah ya ƙara basira. Shekarata 27. Tun da na fara al'ada ina 'yar shekara 14 nake fama da matsanancin ciwon mara, wanda yakan kwantar da ni kwana biyu ko uku duk wata, wani lokacin har da amai. An ce mini idan na yi aure zai daina. Yau shekara uku da aurena, ciwon sai ƙaruwa yake yi, ina jin zafi can ciki a lokacin saduwa, haka ma idan zan yi bayan gida ina cikin al'ada, kuma ban taɓa samun ciki ba. Na sha maganin sanyi ba adadi, an kuma yi mini hoton ciki an ce babu komai. Me ke damuna?

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma abubuwa huɗun da kika lissafa, wato ciwon al'ada mai hana aiki, zafin saduwa, zafin bayan gida a kwanakin jini, da jinkirin samun ciki, idan suka haɗu a jikin mace ɗaya, cutar da ta kamata a fara nema ita ce endometiriyosis.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da take yin kauri kowane wata domin tarbar ciki, idan ba a samu cikin ba sai ta saɓule ta fita, ita ce jinin al'ada. A wannan cuta, wata tsoka mai kama da waccan shimfiɗa ce take tsirowa a inda ba muhallinta ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, a jikin bututun mahaifa, a bayan mahaifa, wani lokaci a kan hanji ko mafitsara. Sinadaran homon da ke juya al'ada suna taɓa ta kamar yadda suke taɓa ta cikin mahaifa, sai ta kumbura ta yi jini duk wata, alhali ba ta da ƙofar fita. Wannan ne ke jawo kumburi da tabo, har gaɓoɓin da ya kamata su riƙa zamewa a jikin juna su manne. A ma'ajiyar ƙwai kuwa takan yi jaka cike da tsohon jini mai kauri. Wani likitan mata na Amurka, John Sampson, ya yi bayani a 1927 cewa jinin al'ada yakan koma baya ta bututun mahaifa ya zuba a cikin mara. Bayanin nasa yana da ƙarfi har yau, sai dai bai wadatar shi kaɗai ba, domin jinin yana komawa baya a jikin mata da yawa da ba su da cutar. Gado ma yana da hannu, shi ya sa nake tambayar kowace mai irin kokenki ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi fama da irin wannan ciwo.

Ba cuta ce da ba a saba gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato mata kimanin miliyan 190. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da ita shi ne shekarun da mace ke ɓatawa kafin a gano ta, saboda tun tana yarinya an sa mata a rai cewa ciwon al'ada haƙuri ake yi da shi. Ciwon da ke hana yarinya zuwa makaranta ko ya sa babbar mace ta kasa miƙewa tsaye ba na haƙuri ba ne. Na taɓa nuna wa wata mara lafiya hoton da muka ɗauka a cikin mararta lokacin aiki, ɗigo-ɗigo baƙaƙe a bayan mahaifa kamar inda tartsatsin wuta ya faɗa wa zane. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan hawaye suka zubo mata, ta ce, "Ashe ba raki nake yi ba." Shekara goma sha ɗaya ana gaya mata raki ne.

Hoton cikin da aka ce babu komai bai wanke ki daga cutar ba, domin yana iya nuna jakar jinin da ke ma'ajiyar ƙwai, amma ƙananan ɗigon nan ba ya ganinsu. Hoton da ake yi ta farji a hannun ƙwararre ya fi gani, haka ma hoton MRI. Hanyar da ake gani da ido ita ce laparoskofi, inda ake huda ƙaramar ƙofa a cibiya a zura kyamara, kuma a zama ɗaya ana iya kankare abin da aka gani, a raba gaɓoɓin da suka manne, a gwada ko bututun mahaifa a buɗe suke.

Game da magani, dole in gaya miki gaskiya: ba a samu wanda yake kawar da cutar baki ɗaya ba, amma ana shawo kanta. Magungunan kashe zafi irin su ibufurofen sun fi aiki idan an fara shan su da zarar alamar al'ada ta bayyana, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta tuntuɓi likita tukuna. Ƙwayoyin tazarar haihuwa, da robar mahaifa mai ɗauke da homon, da wasu allurai masu dakatar da al'ada suna rage ciwon ƙwarai, amma dukkansu suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su, kuma ba sa ƙara damar haihuwa bayan an daina. Tunda ke haihuwa kike nema, ki faɗa wa likita haka tun a zaman farko, domin hanyarki za ta bambanta: ko aiki, ko taimakon haihuwa kai tsaye. Idan an ce za a cire jaka daga ma'ajiyar ƙwai, ki tambaya yadda hakan zai shafi adadin ƙwan da ya rage miki, domin yakan rage shi. Mata da yawa masu wannan cuta suna haihuwa, wasu ma ba tare da an yi musu komai ba. Amma aure ba maganinta ba ne, ciki ma lafawa kawai yake sa ta yi na wani lokaci. Maganin sanyi kuwa ki dakata da shi, sai in gwaji ne ya nuna akwai ƙwayar cuta.

TAMBAYA: Likita, shekara huɗu ke nan da aurenmu ba mu samu rabo ba. Maiɗakina ta yi gwaje-gwaje iri-iri, yanzu kuma likitanta ya ce ni ma sai na kai maniyyina an auna. Ni lafiyata ƙalau, ba ni da wata matsala wajen saduwa da iyali. Shin wannan gwaji ya zama dole?

AMSA: Malam, ya zama dole, kuma da shi ya kamata a fara tun shekara uku da suka wuce. Na yaba maka da ka tambaya, domin maza da yawa ba sa ko tambayar. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mace ta shigo ofishina rungume da jakar takardun gwaji, an ɗebi jininta ya fi a ƙirga, an yi mata hoton bututun mahaifa mai ciwo, idan na ce ina maigidan sai ta sunkuyar da kai ta ce yana waje a mota. Ranar da ya yarda ya shigo, gwajin da ba allura ba wuƙa ya nuna inda gizo ke saƙar.

Ƙarfin namiji wajen saduwa daban, ƙarfinsa na ba da ciki daban. Ruwan da ake gani yawancinsa daga wasu gaɓoɓi yake fitowa, ba daga maraina ba, ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa kuwa sai da madubin likita ake ganinsu. Mutum yana iya kasancewa cikakken namiji, ruwansa da yawa da kauri, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ko wanda ya taɓa haihuwa a baya bai tsira ba, domin abubuwa suna canzawa da shekaru da cututtuka. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Ba ku kaɗai ba ne kuma: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yana gamuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. A likitance ana fara bincike ne idan an yi wata 12 ana saduwa a kai a kai ba tare da kariya ba kuma ba a samu ciki ba, idan kuwa matar ta kai shekara 35, wata shida ya isa.

Kafin gwajin za a ce ka ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, a tara ruwan gaba ɗaya a mazubin da ɗakin gwaji ya bayar, a miƙa shi cikin awa ɗaya. Ana duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Ma'aunin da hukumar ta fitar a 2021 ya sa ƙasan mizani a kan ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 masu motsi, da kashi 4 cikin 100 masu siffa daidai. Waɗannan alƙaluma ba katanga ba ce, akwai masu ƙasa da haka da suke haihuwa. Kada kuma sakamako ɗaya ya karya maka gwiwa, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna, ta yadda zazzaɓi mai zafi da ka yi wata biyu baya zai iya ɓata sakamakon yau. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar wata uku.

Daga cikin dalilan da aka fi gani akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, da ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba har ya toshe hanya, da hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, da marainan da ba su sauko ba tun ƙuruciya, da taba, da ƙiba, da yawan zafi a wurin. Ina jan kunnenka musamman game da allurar testostaron, wato homon ɗin maza, da ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari, domin tana dakatar da maraina daga yin ƙwaya, har ta kai mutum ga sifili. Wasu dalilan ana gyara su da magani ko ƙaramin aiki. Inda abin ya yi tsanani akwai dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a saka a cikin mahaifa, wanda aka fara cin nasararsa da haihuwar Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, sannan a 1992 likitoci a Beljiyam suka fara samun haihuwa ta hanyar cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak cikin ƙwan mace. Ka raka maiɗakinka zama na gaba, ka kuma tare mata maganganun dangi, domin shekara huɗu ita kaɗai take ɗauke da su.

TAMBAYA: Likita, 'yata ta haifi bakwaini a mako na 32, nauyinsa kilo 1.6. Ya yi kwana 18 a kwalba, yanzu an sallamo su. Ma'aikatan jinya sun ce a riƙa ɗaure shi a ƙirjin uwarsa ba riga. Ni kuwa tsoro nake ji kada sanyi ya kama shi, na fi son a naɗe shi da kyau a ajiye masa gorar ruwan zafi a gefe. Kuma ba ya kama nono sosai. Ko mu haɗa masa da madara?

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya shi. Tsoron da kike ji yana kan hanya, domin sanyi yana cikin manyan abokan gaban bakwaini: fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Amma zane ba ya samar da ɗumi, wanda jikin yaro ya samar kawai yake tsarewa, shi kuwa jikanki bai iya samar da isasshe ba tukuna. Ƙirjin uwarsa wuta ce da ba ta ƙuna ba ta kuma mutuwa. Gorar ruwan zafi kuwa na roƙe ki a ɗauke ta, domin na ga jariran da ta sale wa baya ba su ko iya kukan da za a farga ba.

Wannan hanya ana kiranta renon kangaru. Wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya fara ta a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, lokacin da kwalabe suka yi wa jarirai kaɗan a asibitinsa. Daga baya bincike ya nuna ba dabarar rashi ba ce kawai. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka gudanar a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, ya gano cewa fara wannan reno nan take bayan haihuwa ya rage mace-mace da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jiran sai yaro ya daidaita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi da zarar an haihu, a yi awa 8 zuwa 24 a rana.

Ga yadda ake yi. A sa masa hula da safa da kunzugu kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwan uwarsa, ƙirji da ƙirji, ƙafafuwansa a tanƙware kamar na kwaɗo, kansa a juye gefe ɗaya, haɓarsa a ɗan ɗage domin hanyar numfashi ta buɗe. A ɗaure da zane wanda bakinsa zai tsaya daidai ƙasan kunnensa, sannan uwa ta sa riga a kai. Idan za ta yi barci ta jingina da matasai, kada ta kwanta shame-shame. Idan za ta yi wanka ko ta gaji, ke ki karɓe shi a naki ƙirjin, ko mahaifinsa. A riƙa auna zafinsa a hammata, ya kasance tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Selsiyos. Shi da kansa zai nuna ya ƙoshi da wannan reno, ya fara mutsu-mutsu yana neman fita, galibi idan ya kusa kilo 2.5.

Rashin kama nono ba abin mamaki ba ne, domin jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi da kyau sai wajen mako na 34, kuma yana saurin gajiya. A fara sa shi a nono, sannan uwa ta tatsa a tsaftataccen ƙaramin kofi, a riƙe shi a zaune, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa har nonon ya taɓa shi, a bar shi ya lasa da kansa, kada a ɗura masa. A ba shi duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, ko da sai an tashe shi daga barci. Nonon uwa yana kare bakwaini daga wata muguwar cutar ruɓewar hanji da ta fi kama waɗanda aka ba madarar gwangwani, saboda haka kada a haɗa masa komai, ko ruwa, sai da umarnin likitansa. A rage 'yan barka masu ɗaukarsa, kowa ya wanke hannu, mai mura ya tsaya nesa.

A koma asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan ya ƙi cin abinci, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya saki, ko numfashinsa ya yi sauri ko yana ɗaukewa, ko cikinsa ya kumbura, ko shawara ta bayyana a idonsa da fatarsa, ko ya yi jijjiga. Ku tambaya game da duba idonsa, musamman idan an sa masa iskar oksijin, domin akwai cutar ido ta bakwaini da ke makantarwa kuma ana tare ta idan an gani da wuri. Rigakafi ana lissafa shi ne daga ranar haihuwa. Zama da rarrafe kuwa, a riƙa cire wata biyun da ya riga lokaci har ya kai shekara biyu, kada a gwada shi da sa'o'insa a tayar wa uwarsa hankali.

TAMBAYA: Wai da gaske ne ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa?

AMSA: Ba gaskiya ba ne, ko da yake tsohuwar magana ce da har a rubuce-rubucen likitocin Girka na dā ana samunta. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki huhunsa yana ƙara nuna, yana ƙara samar da sinadarin da ke hana huhun mannewa idan ya fitar da numfashi. Duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne, kuma a 2020 an haifi irinsu kimanin miliyan 13.4 a duniya. Haɗarin ɗan wata takwas shi ne ana ganinsa da ɗan girma sai a sake da shi, alhali shi ma yana buƙatar ɗumi da kula da shan nono.

TAMBAYA: Likita, wata biyar da suka wuce na haihu a wata na bakwai, yaron ya kwana uku ya koma. Ina son in sake ɗaukar ciki amma ina tsoron a maimaita.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini tana da ƙarin haɗarin sakewa, amma da yawa suna kai cikinsu na gaba lokacinsa. Ki je wurin likitan mata kafin ki ɗauki cikin, da takardun waccan haihuwa, a gano ko hawan jini ne, ko faya ce ta fashe da wuri, ko ƙwayar cuta, ko bakin mahaifa ne ya buɗe ba naƙuda, domin kowanne da nasa matakin. Ki ba jikinki hutu, saboda cikin da ya biyo haihuwa kurkusa ya fi saurin zuwa kafin lokaci, likitan zai tsayar miki da tsawon jiran gwargwadon shekarunki da yadda kika haihu. Idan cikin ya samu, ki fara awo tun watannin farko. Ana auna tsawon bakin mahaifa da hoto a tsakiyar ciki, idan ya gajarta akwai maganin furojestaron da ake matsawa, ko a ɗaure bakin mahaifar. Idan hawan jini ne ya jawo na farko, ana ba da ƙaramin asfirin. Da zarar kin ji mara tana ɗaurewa a kai a kai, ko kin ga ruwa ko jini, ki tafi asibitin da ke da sashen jarirai a ranar, domin allurar da ake yi wa uwa tsakanin mako 24 da 34 don nunar da huhun yaro tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki.